Harsunan Kwamfuta: Sana'ar Da Kasuwar Aiki Ke Nema, Da Rabon Minna A Cikinta

Kowane zamani da irin sana'ar da yake ɗaukakawa, kuma garin Minna, babban birnin Jihar Neja, ya ga irin wannan juyi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sa'ad da aka kammala shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano cikin 1911, aka kuma haɗe ta a Minna da wadda ta taso daga Ikko, mutumin da ya iya buga waya da rubuta lissafin kaya cikin Turanci shi ne ɗan gata a Reluwe. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Neja ran 3 ga Fabrairu, 1976, aka buɗe sababbin ma'aikatu, sai kasuwa ta koma ga akawu da mai buga tafireta, har ya zama yaron da ya fito makarantar sakandare da hannu mai sauri a kan tafireta ba ya kwana biyu bai sami aiki ba.

A yau tafireta ta shiga kwandon tarihi, kuma mai digiri ma yakan shekara yana yawo da takardunsa daga wannan ofis zuwa wancan. Amma duk da wannan ƙarancin aiki, akwai wani rukuni na ma'aikata da bankuna da kamfanonin waya da hukumomin gwamnati ke nema ruwa a jallo, watau waɗanda suka iya harsunan kwamfuta. Tambayar da ke gaban iyaye da ɗalibai ita ce, wace irin sana'a ce wannan, wane harshe ake nema, kuma wa ke samun aikin?

Mene Ne Harshen Kwamfuta?

Kwamfuta, duk da sunan da aka laƙaba mata na na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba ta da wayon kanta. Ba ta aikata kome sai abin da aka umurce ta, daki-daki, ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Jerin waɗannan umurce-umurce shi ake kira manhaja, ƙa'idojin da ake bi a rubuta su kuwa su ne harshen kwamfuta. Idan mutum ya tura kuɗi ta wayarsa, wata manhaja ce ke duba ko lambar sirrinsa daidai ce, ta duba ko kuɗin da ke asusunsa sun isa, ta zare daga nan ta zuba can, sa'an nan ta aiko masa da saƙo. Kowane mataki a cikin waɗannan, wani mutum ne ya zauna ya rubuta shi, kuma in ya yi kuskuren ko da waƙafi ɗaya ne, aikin na iya tsayawa cik.

Harsunan nan suna da yawa, kuma su ma suna tsufa. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da FORTRAN cikin 1957 domin lissafin injiniyoyi, aka tsara COBOL cikin 1959 domin harkar ciniki da biyan albashi. Da irin waɗannan ne aka fara koyar da 'yan ƙasar nan, tun daga cibiyar da IBM ya buɗe a Jami'ar Ibadan cikin 1963, da kuma cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka raɗa wa sunan Farfesa Iya Abubakar. Harsunan da ke ci a kasuwa yanzu kuwa yawancinsu 'yan baya ne. Python ya fito cikin 1991 daga hannun wani Baholande, Guido van Rossum, sa'an nan Java da JavaScript da PHP duk suka bayyana cikin shekara guda, watau 1995.

Abin Da Ya Kawo Bukatar

Har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce, masu wannan sana'a a Nijeriya 'yan ƙalilan ne, sai a jami'o'i da kamfanonin mai da manyan bankuna. Abin da ya sauya al'amarin shi ne shigowar wayar salula cikin watan Agusta, 2001. Da waya ta shiga hannun talaka, sai harkokin da dā ake yi da takarda da biro suka fara komawa cikinta ɗaya bayan ɗaya.

Harkar kuɗi ce ta yi gaba. An kafa kamfanin Interswitch cikin 2002 domin haɗa na'urorin cire kuɗi na bankuna. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN cikin 2014, Gwamnatin Tarayya kuma ta tilasta wa ma'aikatunta asusun bai ɗaya cikin 2015. Sai kuma ƙarancin takardun Naira da aka sha a farkon 2023, wanda ya tilasta wa mahauci da mai shayi da ɗan acaba karɓar kuɗi ta waya ko suna so ko ba sa so. A wannan shekara kaɗai, kuɗin da aka tura ta hanyar na'ura a ƙasar nan sun kai kimanin Naira tiriliyan 600, bisa alƙaluman hukumar NIBSS mai daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna.

Wasu samari sun hango wannan kasuwa tun da wuri. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack cikin 2015, bayan shekara biyar kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ce sun haura dala miliyan 200. Kamfanin Flutterwave da aka kafa cikin 2016, da Moniepoint wanda na'urorinsa suka cika kasuwanni, kowannensu an ƙiyasta darajarsa ta wuce dala miliyan dubu. Jarin waɗannan kamfanoni ba gini ba ne, ba kuma injuna ba, manhaja ce da masu rubuta ta.

Harkar ilmi ma ba a bar ta a baya ba. Hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda ɗungum cikin 2015, ta koma ta kwamfuta. Hukumar NECO, wadda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa cikin 1999 kuma hedkwatarta ke Minna a kan hanyar Bida, tana riƙe da sunaye da sakamakon ɗalibai fiye da miliyan ɗaya kowace shekara, kuma rajista da duba sakamako duk ta intanet ake yi. Cikin 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar niyyar gwamnati ta mai da jarrabawar NECO da ta WAEC su ma ta kwamfuta. Kowace cibiyar jarrabawa tana bukatar mai haɗa na'urori, da mai kula da su, da mai tsare su daga ɓarayin amsa.

Wane Harshe, A Wace Kasuwa?

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne tambayar wane harshe ne ya fi kowanne. Ba a tambayar wanne ya fi tsakanin fartanya da lauje, sai dai a tambayi aikin da za a yi. Kasuwar aikin ƙasar nan ta kasu kashi-kashi, kowane kashi da abin da yake nema.

Bankuna da kamfanonin waya da manyan hukumomi sun fi bukatar Java da C#, domin manhajojinsu manya ne, an daɗe ana gina su, kuma ba a yi musu garaje. Mai neman shiga nan dole kuma ya iya SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi. SQL ya girmi yawancin masu koyonsa, tun shekarun 1970 yake, amma har gobe babu ofishin da ke ajiye bayanan jama'a da zai iya rabuwa da shi.

Sababbin ƙananan kamfanoni da masu gina shafukan intanet sun fi karkata ga JavaScript da ƙanensa TypeScript, wanda Microsoft ya fitar cikin 2012. Wannan ita ce ƙofa mafi faɗi, amma ita ce kuma ta fi cunkoso, don kusan kowane mai koyo ta nan yake farawa. PHP, wanda wasu ke yi wa kallon tsohon yayi, shi ke ɗauke da shafukan makarantu da jaridu da ma'aikatu masu ɗimbin yawa, saboda haka mai shi ba ya rasa ɗan aikin kwangila a gari irin Minna ko Bida ko Kontagora.

Masu manhajar waya suna amfani da Kotlin, ko kuma Flutter na kamfanin Google, kuma tun da yawancin wayoyin da ke hannun jama'a masu Android ne, can ne ciniki yake. Python kuwa shi ne harshen nazarin alƙaluma da ƙirƙirarriyar basira. Rahoton dandalin GitHub, inda masu wannan sana'a na duniya ke ajiye ayyukansu, ya nuna Python ya sha gaban JavaScript cikin 2024, sa'an nan TypeScript ya sha gabansu duka biyu cikin 2025. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa wanda ya ɗaure akuyarsa a gindin harshe ɗaya, ya ƙi koyon tushen sana'ar, wata rana zai waiwaya ya ga kasuwa ta tashi.

Har wa yau akwai ayyukan da ba lalle sai an rubuta manhaja ba, kamar shimfiɗa wayoyin sadarwa, da kula da rumbunan ajiya na intanet, da zana fuskar manhaja yadda mai amfani ba zai ruɗe ba, da gwada ta kafin a sake ta. Tsaron intanet ma ya zama sana'a mai zaman kanta, musamman bayan dokar laifuffukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, waɗanda suka ɗora wa bankuna da hukumomi nauyin tsare abin da aka ba su amana.

Rabon Minna

A wannan fage Minna ba baƙuwa ba ce. An kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya ran 1 ga Fabrairu, 1983, a ƙarƙashin Farfesa Jonathan Ndagi, ta fara zama a tsohuwar Kwalejin Horon Malamai da ke Bosso kafin ta gina mazauninta na dindindin a Gidan Kwano. Jami'ar tana da makaranta sukutum ta fasahar sadarwa, kuma tana cikin na farko-farko a ƙasar nan da suka buɗe sashen digiri a kan tsaron intanet, tun jama'a da dama ba su san akwai irin wannan karatu ba. Ɗalibanta shekara biyar suke yi, a ciki har da watanni shida na koyon aiki a masana'antu. Ban da ita, akwai Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida a Lapai, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Bida, da ta jiha a Zungeru, duk suna yaye ɗaliban kwamfuta.

Sai dai Minna ta zama kamar gonar da ake nomawa a kwashe amfanin zuwa wata kasuwa. Garin na ma'aikatan gwamnati ne, manyan kamfanoni masu zaman kansu ba su da yawa, kuma Abuja ba ta wuce tafiyar kilomita 150 ba. Saboda haka tun daga lokacin koyon aiki ɗalibi yakan nufi Abuja ko Ikko, in ya yi sa'a wurin ya riƙe shi, shi ke nan ba ya dawowa sai dai ziyara. Jihar da ta raini yaro, wata ce ke cin moriyarsa.

Takarda Da Iyawa

Wani abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da kamfanoni ke kukan rashin ma'aikata, a lokacin ne masu digirin kwamfuta ke kukan rashin aiki. Duka biyu kuwa gaskiya suke faɗi. Binciken da kamfanin Google ya wallafa game da 2021 ya ƙiyasta cewa ƙwararrun masu rubuta manhaja a Afirka duka sun kai 716,000, daga ciki Nijeriya na da kimanin 89,000. A ɗaya gefen kuma GitHub ya ce 'yan Nijeriya masu rajista a dandalinsa sun haura miliyan ɗaya cikin 2024. Ma'aunin biyu ba ɗaya ba ne, don na biyun ya haɗa da duk wanda ya fara koyo jiya, amma tazarar da ke tsakaninsu ta nuna siffar kasuwar: masu koyo sun yi yawa, gwanaye sun yi kaɗan.

Labarin kamfanin Andela ya isa misali. An kafa shi a Ikko cikin 2014 domin ya horar da samari ya haɗa su da kamfanonin ƙasashen waje, har gidauniyar Mark Zuckerberg, mai Facebook, ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24 cikin 2016. Amma cikin Satumba, 2019, kamfanin ya sallami ƙananan injiniyoyi wajen 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, bisa dalilin cewa abokan cinikinsa ƙwararru suke nema, ba sababbin hannu ba.

Mai ɗaukar ma'aikaci a wannan sana'a ba ya tsayawa ga satifiket. Yakan ce a nuna masa abin da aka gina, ya kuma ba da matsala a warware a gabansa. Ɗalibin da ya haddace darasi ya rubuta manhaja a takardar jarrabawa, bai taɓa ganin ta yi aiki a na'ura ba, nan take asirinsa ke tonuwa. Tsohon Ministan Sadarwa, Farfesa Isa Ali Pantami, ya sha jan hankali a kan wannan batu na fifita iyawa a kan takarda kawai. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ma ta sake tsarin karatu cikin Disamba, 2022, inda ta mai da ilmin kwamfuta fanni mai zaman kansa da rassa irin su injiniyancin manhaja da kimiyyar bayanai da tsaron intanet, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Amma sabon tsari a takarda ba ya sayen kwamfuta, ba ya kuma riƙe malamin da kamfani ke zawarcinsa da albashi ninkin-ba-ninkin.

Kasuwar Da Ba Ta Da Iyaka

Wannan sana'a ta bambanta da sauran a wani muhimmin abu, watau ana iya yin ta daga ko'ina. Binciken nan na Google ya gano cewa kashi 38 cikin ɗari na masu rubuta manhaja a Afirka suna yi wa aƙalla kamfani ɗaya na wajen nahiyar aiki. Da aka saki Naira ta nemi farashinta cikin Yuni, 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024. Ma'ana, mai karɓar dala dubu a wata, wanda dā yake samun Naira 460,000, sai ya wayi gari da miliyan ɗaya da rabi, alhali mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi cikin 2024 Naira 70,000 ne. Ba banki ba, ba ma'aikatar gwamnati ba, babu mai iya gasa da wannan. Haka gwanaye suka riƙa zarewa, wasu suka yi ƙaura zuwa Ingila da Kanada da Jamus, wasu kuma suna zaune a gida amma aikinsu na can ƙetare.

Duk da haka kada a ɗauka kasuwar waje aljanna ce. Manyan kamfanonin Amurka sun sallami dubban ma'aikata cikin 2022 da 2023, kuma Microsoft ya rufe cibiyarsa ta injiniyoyi da ke Ikko cikin 2024. Daɗin daɗawa, tun fitowar ChatGPT cikin Nuwamba, 2022, na'ura da kanta tana iya rubuta ƙananan manhajojin da dā ake ba sabon ma'aikaci ya koyi hannu da su. Wanda ya san abin da yake yi, waɗannan na'urori sun ƙara masa sauri. Wanda kuwa iyakar iliminsa kwafa da liƙawa, sun ɗauke masa abinci daga baki.

Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

Gwamnatin Tarayya ta ce ta ga matsalar. A ƙarshen 2023 Ministan Sadarwa, Dokta Bosun Tijani, tare da hukumar NITDA, suka ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku. An fara da 30,000, aka tsara rukuni na biyu ya ɗauki 270,000 daga dukan jihohi, a fannoni goma sha biyu da suka haɗa da rubuta manhaja da nazarin alƙaluma da tsaron intanet. Shiri ne mai kyau, amma horon 'yan watanni ƙofa kawai yake buɗewa, kuma darasin Andela ya nuna cewa ba a ƙofa ake cunkoson neman ma'aikata ba.

Mai koyo a Minna yana da cikas da suka riga malami zuwa. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, waɗanda ƙarfinsu a haɗe ya haura megawat 2,600, har ake yi mata kirari da jihar wutar lantarki, amma ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a unguwannin babban birninta. Faɗuwar Naira ta ninka kuɗin kwamfutar hannu, kuma cikin Janairu, 2025, hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ɗan talaka mai basira na iya ƙarewa yana koyon manhaja a kan fuskar waya. Akwai kuma haɗarin da kowa ya sani, na yaron da ya iya na'ura, ya rasa aikin halal, abokai suka ja shi ga damfarar intanet. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma irin wannan ta'asa ita ke sa wasu kamfanonin waje ɗari-ɗari da ɗan Nijeriya na kirki.

Abin Da Ya Rage

Maganin kwashe amfanin gona shi ne a kafa kasuwa a gida, kuma aikin yi bai ƙare a Jihar Neja ba. Jihar ta fi kowace faɗin ƙasa a Nijeriya, kuma gwamnatin Mohammed Umaru Bago ta sa noma a gaba. Rajistar manoma, da rabon taki ba tare da 'yan kashe-mu-raba sun karkatar da shi ba, da sanar da mai doya a Paiko ko mai shinkafa a Bida farashin kasuwa, da tattara haraji, da tantance ma'aikatan bogi, duk ayyuka ne na manhaja. In gwamnati da ƙananan hukumomi suka riƙa ba 'yan gida irin waɗannan kwangiloli, sabon hannu zai sami wurin zama gwani ba sai ya bar garinsu ba.

Harsunan gida ma fage ne da ba a nome ba. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, kuma masana irin na ƙungiyar HausaNLP suna tattara rubuce-rubuce domin koya wa na'ura Hausa. Nufanci da Gwaranci kuwa sun fi Hausa ƙarancin irin wannan tanadi nesa ba kusa ba, kuma babu wanda zai yi musu shi in ba 'ya'yansu ba.

Ga ɗalibi, hanya a bayyane take: ya riƙe lissafi da Turanci da kyau, ya zaɓi harshe ɗaya ya ƙware a kansa kafin ya waiwayi wani, ya koyi SQL, sa'an nan ya gina abin da zai nuna, ko da rajistar ɗaliban makarantar unguwarsu ce ko lissafin shagon mahaifinsa. Ga iyaye kuma, 'ya mace ba ta gaza ɗa namiji a wannan sana'a da kome ba, hasali ma aiki ne da za ta iya yi daga ɗakinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Jihohin da suka tanadi wuta da intanet da malamai tun yanzu su ne za su riƙe 'ya'yansu, sauran kuwa za su ci gaba da raino wasu na morewa.